Yadda Ɗan Koyon Gyaran Na'urorin Ɗumama da Sanyaya Gida Zai Riƙe Lissafin Awoyin Horonsa

Babu ranar da ɗan koyo yake jin ciwon rashin rubutu kamar ranar da ya kai takardunsa don a ba shi damar zana jarrabawar ƙwarewa, aka buɗe fayil, aka ce masa awoyin shekararsa ta farko ba su da shaida. Aikin kuwa ya yi shi. Ya hau rufi cikin rana tsaka, ya ɗauki kwamfireso, injin da ke matsa gas ɗin sanyi, a kafaɗa, ya shiga ƙarƙashin gini yana jan bututu, wutar walda ta ƙona masa yatsa ba sau ɗaya ba. Amma kamfanin da ya fara da shi ya rufe, gwanin da ya koya masa ya bar garin, lambar wayarsa ba ta shiga. Mai duba takardu ba ya ganin gumi, abin da ke gabansa a rubuce shi yake ƙirgawa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin asara ce da minti biyar a kowace yamma za su iya hanawa.

Ga yadda za ka tsare kanka daga ita, tun daga makon farko.

Fara da sanin adadin da ake binka

Kafin ka sayi littafi ko ka sauke wata manhaja, nemi takardar yarjejeniyar horonka ka karanta ta da kanka. Kada ka dogara da abin da wani ɗan koyo ya gaya maka a mota, domin tsari ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga wannan shiri zuwa wancan a gari ɗaya.

A Amurka, misali, tsarin koyon sana'a mai rajista ya samo tushe ne daga dokar 1937, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ko hukumar jiha ce ke kula da shi. Ana lissafa shekarar aiki a kan awa 2,000, wato awa 40 a mako har mako 50, sannan ana ba da shawarar karatun aji na aƙalla awa 144 a kowace shekara. Shirye-shiryen wannan sana'a yawanci shekara huɗu ne ko biyar, don haka jimillar takan kama daga awa 8,000 zuwa 10,000. A lardin Ontario na Kanada kuma, makanikin na'urorin sanyi mai lambar sana'a 313A yana buƙatar awa 9,000, daga ciki 8,280 a bakin aiki, 720 a makaranta. Ka ga ke nan wanda ya ɗauki lissafin wani wuri ya ɗora wa kansa zai iya yin kuskuren shekara guda cur.

Akwai kuma bambancin salo. Wasu shirye-shiryen awoyi kawai suke ƙirgawa. Wasu suna auna ƙwarewa ne, a gwada ka a ga ka iya abu kaza sannan a sa hannu. Wasu sun haɗa duka biyun. Ko da naka na gwada ƙwarewa ne, ka rubuta awoyinka, domin hukumar ba da lasisi ko wani sabon kamfani na iya tambayarsu nan gaba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a cikin takardun shi ne jadawalin da ya rarraba jimillar zuwa fannoni: awa kaza a girka na'ura, kaza a gyara da gano matsala, kaza a lantarki da na'urorin sarrafawa, kaza a bututu da walda, kaza a hanyoyin iska na kwano, kaza a na'urorin ɗumama, kaza a kiyaye lafiya a wurin aiki. Ka ɗauki hoton wannan shafi a wayarka. Shi ne ƙashin bayan littafinka gaba ɗaya, kuma sunayen fannonin da ke cikinsa su za ka riƙa amfani da su harafi da harafi. Kada ka ƙirƙiro naka.

Sannan ka je wa jami'in horo, wato mai kula da shirinku, da waɗannan tambayoyi, ka nemi amsa a rubuce, ko da saƙon imel ne: Ana ƙirga aikin ƙarin lokaci, kuma akwai iyaka a wata? Tafiya daga wannan aiki zuwa wancan tana shiga lissafi? Hutun cin abinci fa? Wa ke da ikon sa hannu, gwanin da nake bi ko manaja? Ran nawa ga wata ake rufe karɓar rahoto, kuma me ke faruwa da wanda ya makara? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta, domin akwai shirye-shiryen da ke ƙin karɓar awoyin da aka kawo a makare, ko su jinkirta ƙarin albashi saboda su. In kuma ka taɓa yin aikin kafin ka shiga shirin, ko ka yi makarantar sana'a, yanzu ne lokacin neman a lissafa maka waɗannan awoyin. Da sanyin safiya ake kama fara. Bayan shekara biyu babu mai son buɗe wannan maganar.

Littafi biyu, kada su haɗu

Awoyin bakin aiki daban, awoyin aji daban. Rarar ɗaya ba ta cike giɓin ɗaya. Mutum zai iya zarce awoyin aiki da ɗaruruwa amma a tsayar da shi saboda ya rasa darussan dare guda shida. Don haka ka ware wa karatun aji shafukansa: kwanan wata, darasi, awa nawa, sunan malami. In ka rasa aji ka rama daga baya, ka rubuta ranar ramuwar, ka tabbatar malamin ya gyara rajistarsa.

Kayan aikin rubutun

Ni shawarata a nan ba ta canjawa: ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi da zai zauna a aljihu ko a jakar kayan aiki, da kuma teburin lissafi a kwamfuta ko waya, irin Excel ko Google Sheets. Littafin na rubutun nan take ne, teburin na tara jimilla ne. Idan shirinku yana da manhajarsa ko fom ɗinsa na hukuma, to wannan shi ne wajibi, ka cika shi a kan lokaci. Amma kada ya zama shi kaɗai ke gare ka. Manhajar kamfani ta kamfani ce. Ranar da ka bar aiki za a iya rufe maka shiga kafin ka isa gida.

Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, wurin aiki ko lambar takardar aikin, lokacin farawa da na tashi, fanni, awoyi, abin da ka yi, da sunan wanda ya kula da kai. Game da wurin aiki, lambar takarda ta wadatar. Ba sai ka cika littafinka da sunayen masu gida da lambobin wayarsu ba, sirrin mutane ne, kuma littafi yana iya faɗuwa a ko'ina.

Akwai wani ƙaramin kuskure na lissafi da ke cin mutane a ɓoye. Awa bakwai da rabi a teburin kwamfuta 7.5 ne, ba 7.30 ba. Minti 15 shi ne 0.25, minti 30 shi ne 0.5, minti 45 shi ne 0.75. Wanda ke rubuta 7.30 kullum yana zubar da 0.2 na awa a kowace rana. A kwanakin aiki 250 ya zama awa 50. A shekara huɗu awa 200, wato mako biyar na aiki da ya yi da jikinsa amma ya goge da hannunsa. Da yayyafi kogi kan cika, haka ma da ɗigo tulu kan ƙare.

Rubutun kullum

Nan ne gizo ke saƙar. Ka rubuta a ranar, kafin ka cire takalmin aiki. Wasu sun fi son yi a cikin mota bayan an kammala aikin ƙarshe, wasu suna rubuta layi ɗaya bayan kowane gida. Duk wanda ka zaɓa, kada ya kwana. Wanda ya bari sai Juma'a zai zauna da biro a hannu yana ƙoƙarin tuna Talata, sai ya ga duk kwanakin sun narke sun zama ɗaya, daga nan ya rubuta “gyara, awa 8” sau biyar ya rufe littafi. Wannan rubutu ba ya amfanar kowa.

Bari mu ɗauki rana ɗaya mu duba ta da kyau. A ce kun fara ƙarfe 7:30 na safe. Gidan farko, ɓangaren na'urar sanyi da ke waje yana gurnani amma fanka ba ta juyawa. Gwaninka ya sa ka kashe wuta, ka tabbatar da mita cewa babu lantarki, ka sauke cajin kafasita, wato abin da ke taimaka wa fanka tashi, ka auna ta, ka ga ta faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta. Ka canja, kuka kunna, kuka auna wutar da kwamfireso ke ja. Awa ɗaya da rabi. Daga nan kuka wuce wani gini inda ake girka sabuwar na'ura: ka yanka bututun jan ƙarfe, ka yi walda ana hura naitirojin a ciki don kada baƙin ƙura ya taru a bututun, kuka gwada matsi don neman yoyo, sannan ka haɗa famfon zuƙe iska kuka ja har gejin ragowar iska ya sauka ƙasa da maikiron 500, kuka rufe bawul kuka jira ku ga ko zai tashi. Awa huɗu. Bayan hutu, awa biyu kuna rataya hanyar iska da liƙe gaɓoɓinta. Rabin awa na ƙarshe a shago, kuna kwashe tsohon gas daga wata na'ura zuwa tulun ajiya.

Wannan rana layi huɗu ce a littafinka, ba ɗaya ba:

Lantarki da gano matsala, 1.5: auna da canja kafasita, auna wutar kwamfireso. Na yi da kaina, ana kallo.
Bututu da walda, 4.0: walda da naitirojin, gwajin matsi, zuƙe iska zuwa ƙasa da maikiron 500. Walda na yi da kaina, gwajin matsi na taimaka.
Hanyoyin iska, 2.0: ratayewa da liƙewa. Na taimaka.
Sarrafa gas, 0.5: kwashe gas zuwa tulu. Na kalla.

Jimilla 8.0. Ka lura da kalmomin ƙarshen kowane layi. “Na kalla”, “na taimaka”, “na yi ana kallo”, “na yi ni kaɗai”. Ba kowane fom na hukuma ke neman wannan ba, amma ina roƙonka ka riƙa sa shi a naka littafin. Awa ɗari na riƙe wa wani fitila ba daidai suke da awa ɗari na riƙe mita ba, kuma kai kaɗai za ka san gaskiyar wannan in ba ka rubuta ba. Bayan wata shida, idan ka buɗe ka ga fannin lantarki cike da “na kalla”, ka san abin da za ka roƙa.

Ka kuma riƙa rubuta irin na'urar da irin gas ɗin. Sana'ar tana cikin sauyi. An daina ƙera gas ɗin sanyi R-22 da shigo da shi Amurka tun 1 ga Janairun 2020, kuma bayan gyaran yarjejeniyar ƙasashen duniya da aka yi a Kigali a 2016 ana rage amfani da irin su R-410A a hankali, ana komawa R-32 da R-454B, waɗanda ke rukunin A2L, wato suna iya kama wuta kaɗan. Ranar da mai ɗaukar aiki ya tambaye ka ko ka taɓa aiki da su, littafin zai ba da amsa da kwanan wata.

Me za a yi da ranar da aka yi sharar shago, ko jiran kaya, ko ɗauko kayan gyara? Ka rubuta ta yadda take. In jadawalinku yana da gurbin ayyukan gama-gari, ka sa a can. In babu, ka tambayi jami'in horo. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka mayar da share-share ya zama “gyaran na'urar ɗumama” don gurbin ya cika. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ana iya gwada littafinka da takardun aikin kamfani, kuma rubutun bogi na iya jawo a kore ka daga shirin, ya kuma shafa wa wanda ya sa maka hannu baƙin jini. Mafi muni, takarda za ta ce ka iya duba na'urar ɗumama mai ƙona gas alhali ba ka iya ba, a tura ka gidan mutane kai kaɗai. Tsagewar da ba ka gani ba a irin wannan na'ura tana iya sakin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, cikin ɗakin da yara ke barci.

Sa hannu

Awar da ba a sa mata hannu ba magana ce kawai ta bakinka. Ko da shirinku wata-wata yake karɓar rahoto, kai ka nemi sa hannu mako-mako, lokacin da gwaninka yake tune da abin da aka yi. Ka zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba yana saman tsani ba, ba kuma yana fama da mai gida a waya ba. Ka buɗe shafin, ka miƙa da biro: “Maigida, don Allah ga na wannan makon, a duba mini in akwai gyara.” Wannan “in akwai gyara” tana da amfani, tana nuna masa ba hatimi kake nema ba, dubawa kake so. In ya ce awa huɗun nan uku ne, kada ka yi gardama a kan abin da ba ka da tabbas. Ka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta na farkon, ka rubuta daidai a gefe, ku sa haruffan sunayenku. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa, kada ka yage shafi.

Ya rubuta cikakken sunansa yadda za a iya karantawa, da lambar lasisinsa in tsarinku yana buƙata. Da ya sa hannu, ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kanka ta imel ɗinka na kanka, ba na kamfani ba.

Ranar da albashi ya fito, ka ɗora takardar albashi kusa da littafin. In takarda ta ce awa 80 a mako biyu, littafi ya ce 86, akwai magana: ko an rage maka kuɗi, ko ka ƙirga abin da ba a ƙirgawa. A warware ta a wannan makon. Ka adana kowace takardar albashi har ka gama horo, domin ita ce shaida ta biyu mafi ƙarfi bayan sa hannu.

Ka riƙa karanta littafin, ba rubutawa kawai ba

Duk wata uku ka zauna da teburinka ka fitar da lambobi uku a kowane fanni: abin da ake buƙata, abin da ka samu, abin da ya rage. A nan littafin ke fara yi maka aiki.

Wannan sana'a tana bin yanayi. Lokacin zafi kiran gyaran sanyi ne ke yawa, lokacin sanyi kuma na ɗumama. Kamfani kuma yana son ya ajiye ɗan koyo a inda ya riga ya iya, domin a nan yake kawo riba. Wanda hannunsa ya faɗa a girka na'ura zai iya shekara uku yana girkawa, jimillarsa tana hawa yadda ake so, amma gurbin gano matsala yana nan wayam. Ba mugunta ba ce, haka aiki ke tafiya in babu mai magana.

A ce jadawalinka yana neman awa 1,000 a na'urorin ɗumama, ka kai ƙarshen shekara ta biyu cikin huɗu da awa 180. Saura 820, kuma lokacin sanyi biyu kawai suka rage maka, wato kusan 410 a kowane ɗaya, kimanin mako goma cikakku na wannan aiki kaɗai. Wannan magana ce da za ka kai wa manaja wata biyu kafin sanyi ya shigo, lokacin da ake tsara wa zai bi wace mota. Ka je da takarda a hannu: “Ranka ya daɗe, ga inda nake, ga abin da ya rage mini. Ko za a iya haɗa ni da masu gyaran ɗumama a wannan karon?” Manaja yana iya kawar da ƙorafi, amma lamba a rubuce tana da wuyar kawarwa. In kamfanin ba ya yin wani fanni sam, ka sanar da kwamitin da ke kula da shirin horonku da wuri, su ne za su san yadda za a juya ka zuwa wani wuri na ɗan lokaci.

Akwai kuma batun kuɗi. A tsarin Amurka dole ne albashin ɗan koyo ya riƙa hawa mataki-mataki, kuma a shirye-shirye da yawa matakin yana ɗaure da cika wani adadin awoyi, kamar kowace 1,000. Ka san ranar da za ka tsallaka. Ofis na iya mantawa, kai bai kamata ka manta ba.

Takardun shaida

Ka ware shafi ɗaya a ƙarshen littafi domin su: sunan takarda, ranar samu, lamba, ranar ƙarewa in tana da ita. Ga masu koyo a Amurka, takardar izinin aiki da gas ɗin sanyi, EPA 608, tana da nau'i na ɗaya, na biyu, na uku, da wadda ta haɗa duka, kuma ba ta ƙarewa. An yi wa ɗan koyo mai rajista sassauci ya yi aiki ba tare da ita ba muddin mai takardar yana tsaye a kansa, amma sassaucin na shekara biyu ne daga ranar rajista. Ka rubuta wannan rana da jan biro.

In za ka bar kamfani, ko aiki ya tsaya

Yawancin awoyi a nan suke ɓacewa. Kafin ranarka ta ƙarshe, ko da rabuwar ba ta daɗi ba ce, ka tabbatar an sa hannu a kowane shafi. Ka nemi wasiƙa a takardar kamfani mai ɗauke da ranar farawa, ranar tashi, jimillar awoyi da rabe-rabensu. Ka sauke duk abin da ke cikin manhaja. Sannan ka sanar da jami'in horo a rubuce, domin a wurare da yawa awoyin da ka yi a sabon kamfani ba sa shiga lissafi sai an mayar da rajistarka can. Jinya, sallamar wucin gadi, ko doguwar tafiya, duk ka rubuta ranar da suka fara da ranar da suka ƙare, don giɓin ya zama yana da bayani.

In kuwa ka riga ka yi sakaci, wata da watanni babu rubutu, kada ka zauna ka cika shafuka daga ka. Ka tattaro takardun albashi, su za su ba ka jimilla. Ka roƙi ofis kwafin takardun aikin da sunanka ke ciki, su za su ba ka fannoni. Hotunan da ke wayarka suna ɗauke da kwanan wata, saƙonnin da aka riƙa turo maka na wurin aiki ma haka. A Amurka ana buƙatar masu ɗaukar nauyin horo su adana bayanan 'yan koyo na shekara biyar, don haka ka tambaya tun kafin lokacin ya wuce. Abin da ka haɗa, ka rubuta a samansa cewa an sake gina shi ne daga waɗannan takardu, ka kai wa gwanin ya duba, sannan ka miƙa wa kwamiti su yanke abin da za su karɓa.

Miƙa na ƙarshe

Wata uku kafin ranar da kake sa ran gamawa, ka nemi jami'in horo ya ba ka jimillar da ke cikin nasu kundin, fanni-fanni, ka gwada da taka. In akwai watan da bai shiga ba, ka tura hoton shafin mai sa hannu da takardar albashin watan. Idan lambobin sun daidaita, ka haɗa rahotannin aiki, sakamakon aji, takardun shaida da wasiƙun kamfanoni, ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ka karɓi shaidar cewa an karɓa mai kwanan wata. Ainihin littafin kuma ya zauna a wurinka, domin in ka nemi lasisi a wata jiha ko wata ƙasa, za a sake tambayar waɗannan awoyi.